Dangin Gishiri

Da sunan Allah nake buɗe bakina. Sunana Dije, amma daga Gafasa har Toranke in ba ka ce Dije mai wanka ba, ba wanda zai nuna maka ƙofar gidana. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Maƙwabciyata Malama Saude ce take rubutawa, ni ina faɗa. Na roƙe ta in ta ji muryata ta karye ta jira ni, kada ta cike mini da nata.

Sana'ata wankan jego. 'Yan matan yanzu in sun ji haka sai su yi dariya, su ce, "Iya, wannan ma sana'a ce? Ba ruwa ne a tafasa a watsa wa mutum ba?" To, ku gyara zama.

Wankan farko da na tsaya a kansa a Toranke ne, garinmu, a bayan gwaggona Asabe. Shekara biyu na yi ina bin ta gida-gida ban taɓa jikin mai jego ba. Aikina jan ruwa, faskare, da tsinko ganye. A lokacin ƙatuwar tukunyar ƙasa ake girkawa, daga baya ne rabin duro ya shigo. Itace ma ba kowanne ba, mai hayaƙi yana sa mai jego tari, kuma tari da sabon ciki azaba ne. Ganye kuwa na darbejiya ko na tsamiya, in an samu runhu ya fi. A ɗaure shi dami biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ki tsoma, ki girgiza sau biyu don ruwan kada ya zuba a jiki gaba ɗaya ya sale fata, sannan ki buga. Baya, ƙugu, cinya, mara. Ba a kai wa fuska, ba a kai wa nono. Ranar da Gwaggo ta miƙo mini ganye da hannunta, na girgiza sau ɗaya don ɗoki, matar ta yi tsalle ta ture ƙwarya. Muka gama muka fito ni da Gwaggo. A hanya ta tsoma ɗan yatsana a sauran ruwan da ta riƙo a kwano, ta ce, "Kin ji? To ita duk jikinta ne."

Bayan wanka sai kunu. A surfa gero a wanke, a niƙa da citta da kanumfari da masoro da barkono. Jar kanwa a jiƙa ta tun jiya, a tace ruwan, a dama da shi har kunun ya juya launi. Mai jego ta sha da zafinsa safe da yamma har kwana arba'in. Gwaggo tana da magana ɗaya da ta yi ta nanata mini har ta bar duniya. Ta ce abokin gabar mai jego guda ne, sanyi. In ya sami ƙofa ya shiga, alamarsa ƙafa ta kumbura. In kin ga kumburi, ki ƙara wuta, ki ƙara kanwa. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Da aka kawo ni Gafasa gidan mijina Malam, da sana'ata na zo. Na wanke matan manoma, na wanke matan ma'aikatan ƙaramar hukuma, na wanke matan Fulani a ruga da ruwan da na ɗauko a kaina. Akwai wata matar malamin makaranta, haihuwar fari, da muka shiga makewayi ta kama zanena ta ce, "Iya, don girman Allah ki riƙa buga ganyen a jikin katanga, ni kuma in riƙa ihu. Uwar mijina tana tsakar gida, ihun kawai take so ta ji." Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Sannan na tashi na wanke ta tas, ihun kuwa ta yi shi na gaske. A lokacin ina ganin in na yi yadda ta ce na ci amanar sana'a. Ni dai na san mata da yawa sun tashi garau a hannuna. Na kuma san wasu sun kumbura, na ƙara musu wuta da kanwa, wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba, muka ce kwana ne ya ƙare.

Mummunar shekarata ba ta fari ba ce, ba ta ƙarancin haihuwa ba. Shekarar da Malam ya kwanta ce, bara waccan, bayan an gama yankan gero. Ya dawo daga gona da la'asar ya zauna a bakin zaure, ya kira ni. Bai taɓa kiran sunana ba, tun ina amarya Mai-wanka yake ce mini. Ya ce, "Mai-wanka, zo ki cire mini takalmin nan, ya ƙi fita." Takalmin roba ne da ya shekara yana sawa. Sai da na sa man gyaɗa. Da ya fito, ga shatin robar nan a naman ƙafarsa kamar an zana da wuƙa. Kwana uku bayan nan ya kasa kwanciya, in ya miƙe sai numfashi ya tsaya masa a wuya. Ɗanmu ya samo adaidaita muka kai shi asibiti a Gaya.

Kwana tara muka yi. Suka ce zuciya ce ta gaji, ruwa yake taruwa. Suka yi ta ba shi magani yana ta fitsari har ƙafar ta saɓe, ya fara tsokanar masu shara. Ranar sallama wata nas, doguwa mai haƙuri, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta nuna mini yadda zan danna ƙwaurinsa da babban yatsa kowace safiya, in wurin ya lotsa ya ƙi tasowa in dawo da shi. Ta jera mini magunguna. Sannan ta ce, "Iya, ban da gishiri da danginsa. Kin gane?" Na ce na gane. Ta sake tambaya, na sake cewa na gane. Ina ɗaure kwanuka a zane, ina ƙirgawa a zuciyata: gishiri ɗaya, dunƙulen miya biyu, manda uku. Na ce dangin ke nan sun cika. Da na buɗe baki na ce ta faɗa mini sunayensu, da ta faɗa. Ban tambaya ba, don ina ganin wadda ta shekara arba'in a bakin murhu ba za a koya mata gishiri ba.

Jinyar gida ta fi ta asibiti wuya, kowa ya yi ya sani. A can akwai mai duba maka, a gida ke ce likita, ke ce nas, ke ce mai gadi. Na jingina masa buhun gero biyu a bango na rufe da bargo don ya riƙa barci a kishingiɗe. Magani kuwa, tun da ba na karatu, na ɗaura wa kowane kwali zare. Farin zare na asuba, baƙi na azahar, ja na magariba. Ban taɓa kuskure ko sau ɗaya ba. 'Yan dubiya suna zuwa da kwanuka, na tsaya a ƙofar ɗaki ina ɗanɗana kowace miya, mai gishiri in mayar. Ƙanwarsa ta yi fushi ta ce, "Yaya Dije ta zama soja." Na ce na ji, a kai wa yara.

Sai dai Malam ya ƙi abinci. Zai kai loma ɗaya ya ture kwano ya ce, "Mai-wanka, wannan miya ce ko ruwan wankin hula?" Yana ramewa a idona, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Na zauna na yi tunani, me nake ba wanda jini ya zuba daga jikinsa, wanda ba shi da ƙarfi, ya tashi? Na jiƙa jar kanwa mai kyau, irin wadda nake ɓoye wa 'ya'yan dangi. Da safe na dama. Ya karɓi ƙwaryar ya shanye, ya lashe ludayi, ya ce, "Yau na san a gidana nake." Wallahi ranar har rawa na taka a tsakar gida, tsofai-tsofai da ni. A wurina kanwa magani ce. Ban taɓa ajiye ta kusa da gishiri ba, ko a kan shantali, ko a cikin kaina.

Safe da yamma, mako uku. A mako na biyu na danna ƙwaurinsa ya lotsa. Nas ta ce in dawo da shi, na sani. Amma muryar Gwaggo ta fi kusa da kunnena. Na ce sanyin kaka ne ya shige shi, na gasa masa ƙafar da ruwan zafi, na ƙara kanwa a kunu. Na ƙara, Malama, rubuta haka, kada ki sassauta. Sai da ciki ya ɗauka, numfashi ya koma kamar ana zuga zugazugi, sannan muka koma Gaya.

Nas ɗin nan ce dai. Ta ce, "Iya, me yake ci?" Na jera mata da alfahari, na ce ko ƙwayar gishiri bai shiga bakinsa ba, kunun kanwa kawai yake sha. Ta ajiye abin rubutunta. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. A hankali ta ce, "Iya, kanwa ai babbar yayar gishiri ce." Malam yana kan gado yana jin mu. Na kasa ɗaga kai. Sai na ji ya ja bakin mayafina, ya ce da ɗan sauran numfashinsa, "Kunun dai ya yi daɗi, Mai-wanka."

Kwana huɗu ya ƙara. Likita ya ce mini zuciyar ta daɗe da gajiya, kada in ɗora wa kaina, ko da me aka yi kwanan zai zo. Na yarda ajali na Allah ne. Amma hannun da ya dama kunun yana jikina, da shi nake cin abinci. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka makwancinsa. Ban gaya wa kowa ba, ko ɗanmu. Daga ni sai nas da likita sai wanda aka binne. Ki ɗan dakata, Malama.

To. Bayan na fita takaba na koma aiki, don mata ba su daina haihuwa ba. Amma ruwana ya rage zafi, kanwata ta koma ɗan taɓawa, har aka fara cewa hannun Dije ya tsufa. Na bar su a haka.

Sai ga Rabi. 'Yar ɗana ce, ni na yaye ta, a ɗakina ta girma har aka kai ta Ajingi gidan Sani, ma'aikaci a ƙaramar hukuma. Cikin fari, tun yana wata bakwai ake cewa jininta ya hau. Ta haihu a asibiti a Gaya, namiji, lafiyayye. Kwana biyu da haihuwa numfashinta ya rikice. Ranar da na shiga ɗakin na gan ta a kishingiɗe an tara mata matasai a baya, nan take na gane wannan zaman, irin na Malam ne. Suka ce zuciya ce, tana faruwa ga wasu mata bayan haihuwa, kuma in an kiyaye da yawa suna warkewa. Kwana goma sha ɗaya ta yi, suna ma ba da ita aka yi ba.

Ranar sallama wani likita ne ya yi bayani. Da ya ce ban da gishiri, na ɗaga hannu kamar 'yar makaranta na ce, "Ɗana, faɗa mini danginsa ɗaya bayan ɗaya, har wanda kake ganin kowa ya sani." Ya dube ni, ya jera. Ya ce kanwa ko ta taɓawa. Ya ce wanka da ruwa mai ɗumi kawai, irin wanda za a sa wa jariri, ban da tafasasshe, ban da kwanciya a gadon wuta. Ya ce in ƙafa ta kumbura ko numfashi ya canza, a ranar a dawo, kada a kwana. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Sani yana gefe yana dannawa a wayarsa.

Al'ada ce haihuwar fari a gidan iyaye ake wanka, don haka gidana aka kawo ta. Buhunan geron nan biyu na sake jinginawa a bango guda. Na ɗaura wa magungunanta zare, tana dariya tana cewa, "Tsohuwa, ni fa na yi sakandare, zan iya karantawa." Na ce, "Ki karanta naki, in ɗaura nawa, mu ga wanda zai manta." Na kuma ƙaro wata dabara. Danna yatsa yana ruɗina, idona ya yi rauni, wani lokaci ban san ko ya lotsa ko inuwa ce ba. Sai na sami zaren saƙa mai kauri, na zagaya idon sawunta ranar da muka dawo, na ƙulla a daidai inda ya haɗu. Kullum bayan sallar asuba, kafin ta sauko da ƙafa, sai in zagaya. In bakin zare ya taɓa ƙulli, in yi hamdala in hura wuta. Wannan zaren shi ne ya zama duron wankana da ganyena. Tsakanin asuba da asuba kuwa ba ni da sukuni. In ta yi tari ina tsakar gida sai na saki abin da ke hannuna. In ta yi shiru ma sai na leƙa.

Kwana biyu da dawowarmu aka sauke mini kaya a ƙofar gida daga wurin uwar mijinta, Hajiya Ladi. Itace amalanke guda, gero, kayan yaji, ƙafafun sa, da jar kanwa cike da kwano. Hajiya Ladi ba muguwar mace ba ce, tana son Rabi kamar ita ta haife ta. Kuma ni na yi mata wanka a haihuwar Sani, da hannun nan. Sani ya gaya mata abin da likita ya ce, ta ce masa likita namiji ne, bai taɓa jego ba, ita ta miƙa wa Dije.

A garinmu gidan da ake jego da hayaƙi ake gane shi. In hantsi ya yi ba a ga hayaƙi ya tashi daga gidan mai wanka ba, kafin azahar maganar ta kai Ajingi. Sai na yi abin da na ƙi yi wa matar malamin makaranta. Kullum in hura wuta a ƙarƙashin duro har ya tafasa, in ɗebi kaɗan in surka ya zama ɗumi, in wanke Rabi a zaune a kan kujera. Sannan in tsoma ganye in yi ta dukan katangar makewayi. Rabi ta ce, "In yi ihun ne, tsohuwa?" Na ce, "Rufe mini baki, numfashin da za ki yi ihu da shi ajiye shi." Kunu kuwa na tsamiya nake dama mata, kanwar na tura ƙarƙashin gado. Duk wanda ya tambaya in ce ana wanka, alhamdu lillahi. Ina faɗa ina jin kunyar Allah.

Kuma kada ku ɗauka zuciyata ta tsaya wuri ɗaya. Shekara arba'in ina gaya wa mata wadda ba a gasa ba sanyi zai ci ta. In na taɓa tafin ƙafar Rabi na ji shi da sanyi, sai in ce anya ba ni nake kashe ta da ruwan ɗumi ba? Sai in tuna takalmin roba, in danne.

Ranar kwana ashirin da uku da haihuwa, na zagaya zare bai kai ƙulli ba. Saura kamar faɗin yatsa. Na ce ko na karkace ne, na sake. Na gwada ɗaya ƙafar. Na danna ƙwauri, wurin ya lotsa ya zauna yana kallona. Na ce, "Rabi, ya numfashin?" Ta ce, "Lafiya lau, sai dai da na je makewayi na ɗan huta a hanya." Makewayin taku goma ne. Na ce ta kira Sani ya taho da adaidaita yanzu-yanzu.

Kafin ya iso sai ga sallama, Hajiya Ladi ce ta zo dubiya da hantsi, da fulas a hannu. Muka gaisa a tsaitsaye. Ta shiga ta ɗauki jikanta tana masa kirari, sai idonta ya sauka a ƙafar Rabi. Ta ajiye yaron.

"Dije, me nake gani? Sanyi ya shigi yarinyar nan!"

"Hajiya, asibiti za mu koma, Sani yana hanya."

"Asibitin me? A sa mata ruwan sanyi a jijiya? Ke da bakinki kika gaya mini, ina kwance da Sani a gefena, kika ce in an ga kumburi a ƙara wuta a ƙara kanwa. Ko ba ke ba ce?"

"Ni ce."

"To Allah Ya sa na taho da shi. Da kaina na dama, na ji an ce hannunki ya yi sanyi a kanwa. Rabi, tashi ki sha, 'yata."

Ta buɗe fulas ta tsiyaya a kofi. Ƙanshin ya cika ɗakin, irin na safiyar da Malam ya lashe ludayi. Rabi ta dube ni. Yarinya ce mai kunya, uwar miji ta miƙo mata abu da hannunta, ba za ta iya cewa a'a ba. Na ga hannunta ya fara tashi. Na riga ta, na karɓi kofin na riƙe.

Hajiya ta ce, "Dije, lafiya? Guba na kawo?"

Mata biyu 'yan barka suna bakin ƙofa. Na san duk abin da na faɗa, kafin la'asar ya zaga gari, kuma ba mai sake kirana wanka. Na ce, "Hajiya, zauna. Tun da yarinyar nan ta zo, ruwan zafi bai taɓa jikinta ba. Katanga nake duka. Kanwarki tana ƙarƙashin gadon nan ko ƙwaya ban taɓa ba."

Ta dafe ƙirji ta ce, "Inna lillahi! Amanar da na ba ki ke nan?"

Na ce, "Kin zo gaisuwar Malam, kin ce mini ciwo ne ya ci ƙarfinsa. To ki ji abin da ban gaya wa ɗan da na haifa ba. Ciwonsa irin na Rabi ne. An sallamo mini shi yana tafiya da ƙafarsa, yana tsokanar mutane. Aka ce ban da gishiri da danginsa, na hana shi gishiri, na ba shi wannan safe da yamma. Ƙafarsa ta yi haka, na ƙara masa, kamar yadda na koya miki. A kan buhunan nan da take jingine. Ranar da na mayar da shi aka ce mini kanwa yayar gishiri ce. Kwana huɗu ya yi." Na ƙara riƙe kofin. Na ce, "Na binne ɗaya da kunun nan, Hajiya. In kina so ta sha, sai dai ki ɓamɓare kofin daga hannuna."

Rabi tana kuka ba sauti, Malam kakanta ne, shi yake goya ta zuwa gona. Na ce mata, "Bar kukan, yana cin numfashi." Hajiya ta daɗe tana duban ƙafar. Sannan ta miƙo hannu, na ɗauka kofin za ta ƙwace, sai ta mayar da kunun cikin fulas ta murɗa murfin. Muka ji ƙarar adaidaita a waje. Ta cire mayafinta ta goya jaririn da kanta, ta ce, "Ku kama ta ta wancan gefen."

A asibiti likita ya saurari ƙirjinta, ya tambaya ko ta sha kanwa ko an yi mata wankan zafi. Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce, "Ba ta sha ba." Ya ce ruwa ne ya fara taruwa, yakan faru ko an kiyaye, kuma gara da aka zo a ranar. Ya canza mata ƙwaya ɗaya, suka riƙe ta kwana biyu, muka dawo. Tun daga ranar ban sake dukan katanga ba. Itacen na dafa abinci da shi, kanwar na ba awaki.

Maganar ta zaga kamar yadda na zata. Wata mai ciki da ta riga ta yi mini magana ta aiko cewa an samo wata daga Toranke. Ɗana ya zo ya zauna a ƙofar ɗakina har rana ta karkata, da zai tafi ya ce, "Iya, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Wasu mata biyu kuma sun zo a ɓoye suna tambayata yadda ake danna ƙwauri. Ban ce duk wadda ta sha kunun kanwa za ta mutu ba, na ga ɗaruruwa sun sha sun tashi. Na ce ni ban iya gane wadda zuciyarta za ta ɗauka da wadda ba za ta ɗauka ba, Gwaggo ma ba ta iya ba. Wannan shi ne abin da ban sani ba a sana'ar da kuke cewa tafasa ruwa ce.

Shekaranjiya Rabi ta yi arba'in. Da asuba na zagaya zare, ya kai ƙulli har ya ɗan wuce. Na danna, naman ya biyo yatsana ya taso. Ta sa takalmin da ta zo da shi ta taka har zaure ta dawo, ba ta huta ba, tana cewa, "Tsohuwa, ko mu yi tsere?" Likita ya ce ba a gama ba, za ta ci gaba da magani, za a riƙa duba ta, kuma kada ta yi saurin ɗaukar wani cikin. Ga shi al'ada ta ce ta koma ɗakinta a Ajingi, inda idona ba ya kaiwa da asuba. Tun da aka fara haɗa kaya na kasa cin komai.

Hajiya Ladi ce ta zo ɗaukarta. An gama loda kaya, Rabi ta shiga adaidaita da yaro, ni ina tsaye da zaren a dunƙule a hannuna, na rasa wa zan ba. Sai Hajiya ta sauko ta dawo inda nake. Ta ce, "Dije, ni ma idona ba ya ganin lotsawar nan." Ta buɗe tafin hannunta. "Kawo. Amma zo ki nuna mini daidai inda ake zagayawa."

Muka durƙusa mu biyu a ƙofar gida, tsofaffi, a gaban mai adaidaita, Rabi ta miƙo ƙafa tana cewa mun sa ta kunya. Na kama yatsun Hajiya na ɗora su a kan ƙullin. Ta zagaya da kanta, ya kai. Na ce ta sake. Ta sake, ya kai.